Tsohuwar da ke magana da ido

Yaya Zulai,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan Lyon sai godiya.

Aikina ya zauna. Baturiyar da nake jinya ta kusa shekara ɗari, ciwo ya ɗauke mata baki. 'Yarta ta so sallamata, wai faransancina bai isa ba, alhali ko gira tsohuwar ta ɗaga na san abin da take so.

Ran Talata tsohuwar ta nuna mini wani kaset na bidiyo, na saka. Na yi ta ƙara murya, shiru, na ce tele ta lalace. Ashe silimar zamanin da ce marar magana, kuma budurwar ciki mai watsa wa mutane harara ita ce! A Paris ta yi tashe, da silima ta fara magana aka daina nemanta.

Da 'yar ta sake tada zancen, tsohuwar ta riƙe hannuna, ta watsa mata kallon nan na cikin kaset. Zance ya mutu.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, ki ce hararar da ta rene mu da ita ce ke ciyar da ni yau.

Ƙanwarki,
Rabi