Ashe Ba Hannun Baba Ba Ne

Daren Asabar, McLeansville

Sati biyu ke nan Baba bai taɓa gem ɗin tanis, wasan na'ura da ake bugawa a talabijin, da likita ta ce ya riƙa yi don motsa hannunsa da ya shanye ba. Da la'asar na matsa masa, sai ya ce, "Hauwa, ƙyale ni. Hannun nan ƙara mutuwa yake yi. Kafin in danna, ƙwallon ta wuce."

Na karɓa na gwada, ni ma ta wuce ni. Sai na tuna tun ranar da muka jona na'urar da sabuwar talabijin abin ya fara. Hoton ya fito tas, har ciyawar filin ana gani, amma ya yi wa na'urar nauyi, motsin yana sarƙewa. Na rage kaifin hoton daga 4K zuwa 1080.

Ciyawar ta ɗan dusashe, amma Baba ya mayar da ƙwallo sau bakwai a jere. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Ashe ba ni ba ne," in ji shi.

Na shige kicin don kada ya ga idona. Shi kaɗai ya yi ta dakon wannan tsoron, ban ko tambaye shi ba.

Ya ce gobe da ni zai kara, kuma kada in kuskura in raga masa.