Harbin da Habibu Ya So Yi Maka

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanjuma maharbi, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce Rabi, wadda kake kira Uwata, nake rubuto maka daga birnin Greensboro, nan ƙasar Turawa a bayan teku. Na san ko da kana raye sai an nemo mai karanta maka, balle yanzu. Amma abin da idona ya gani ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, kuma kai ya shafa.

Baba, saura ƙiris Habibu ya biyo ka. Ɗanka namiji tilo. A gabana aka yi.

Ka tuna kaset ɗin da ka aiko lokacin da ciwo ya kwantar da kai, ka ce Habibu ya zo ka gan shi? Bai zo ba. Jarrabawa ta matso, ga tsoron in ya fita ƙasar nan ba za a bar shi ya dawo ya ƙarasa karatunsa ba. Ya ce sai hutun ƙarshen shekara. Kafin hutun aka bugo mana waya daga Bauchi cewa har an kai ka. Ni na yi ta birgima a tsakar ɗaki ina kuka, shi kuwa ko hawaye bai yi ba. Ya daina cin abincin kirki, ya daina tsokanata, wanda ka san da ba ya wuni bai yi ba. Abu ɗaya ya kafa masa ƙaho a zuciya, wai ka tafi kana fushi da shi.

Da sadakar arba'in ta matso sai ya tuno al'adarku ta maharban garinmu, yadda kuke taruwa bayan gari a yi wa mamaci harbin ban kwana, babban ɗansa ne kuma ke fara ɗana kunama. Ya ce tunda bai zo kiranka ba, ba zai bari a ce bai yi maka harbinka ba, ko da daga bayan teku ne. Na ce masa mu yi sadaka mu sauke Alƙur'ani ya isa. Ka san ɗanka, taurin kanka ya kwashe kaf.

A ƙasar nan, Baba, bindiga kamar doya ake kasa ta. Ya je wata kasuwar bindigogi ta ƙarshen mako ya sayo tsohuwar bindigar soja, irin waɗanda aka ƙera aka jibge a rumbun ajiya shekara da shekaru ba a taɓa harbawa ba. Ya kawo ta gidana a unguwar Glenwood, don su huɗu ne a ɗakinsu na ɗalibai. Da ya kwance takardar da aka naɗe ta, wallahi sai da na toshe hanci. Ko'ina giris ne mai kauri, ja-ja-ja, mai danƙo kamar tsohon man kaɗanya, har cikin ƙotar. Mai sayarwa ya gaya masa ya wanke ta kafin ya harba.

Ya kuwa wanke ta, yadda ka koya masa. Ya zauna a barandar baya ya miƙe ƙafa kamar yadda kake yi a gindin tsamiya, ya naɗa tsumma a sanda ya zura a bututun, ya goge bayanta har tana ƙyalli. Giris ɗin da ke can ciki kuwa ya bar shi da gangan, har da murnarsa. Ya ce, “Yaya, ai wannan an kula da ita sosai. Ba ki tuna Baba ba? Tsatsa ce ke kashe bindiga, mai kuwa abincinta ne.” Maganarka ce, ni ma na sha jin ta. Rabon da in ga haƙorinsa tun kafin rasuwarka, sai ran nan.

To amma adakarka daban, wannan daban. Taka bututu ce da ƙota, ka ɗura albarushi ka danna, ba ta da wani ciki da ido ba ya gani. Wannan kuwa tana da wani ƙarfe mai kai da komo kamar sakatar ƙofa, a cikinsa akwai siririn tsinke da ke dukan gindin harsashi. Dole tsinken nan ya riƙa zamewa a sake. In giris ya daskare ya riƙe shi a gaba, da harsashi ya shiga sai ya tashi, ba sai an taɓa kunama ba. Mu duka ba mu san wannan ba, ni da digirina, shi da nasa biyu.

Ranar arba'in ɗin Asabar ce, da hantsi, sanyi har cikin ƙashi. Muka tafi gonar wani tsohon Bature a bayan gari, inda mutanenmu ke zuwa yanka rago da Sallah. Ya nuna mana wani tudun ƙasa ya ce mu harba can, ya koma wajen awakinsa. Na tsaya a gefen Habibu da rakoda a hannu, don in ɗauki ƙarar mu aika wa Inna ta ji an yi. Habibu ya karanta maka Fatiha. Harsasan a jere suke zuwa a kan wani ɗan ƙarfe, sai ya tura su duka, ya ce ɗaya naka ne, sauran zai koyi hannu da su. Bakin bindigar yana kallon ƙasa, yadda ka hore mu. Ya saki sakatar.

Baba, bai taɓa kunama ba. Na rantse da Allah idona na kan hannunsa, yatsunsa duk suna waje. Bindigar nan ta kama harbi da kanta. Harsashin farko ya shiga ƙafarsa. Sauran suka yi ta fita, bakinta na ɗagawa sama yana karkatowa wajena, shi kuma yana kokawa da ita yana faɗuwa. Na ji iska mai zafi ta wuce gefen kunnena. Ba ta yi shiru ba sai da cikinta ya ƙare. Ban gudu ba, ban yi salati ba, ban ma saki rakodar ba. Ina tsaye kamar an dasa ni, ina kallon takalminsa yana cika da jini.

Mai gonar ne ya ɗaure ƙafar da bel ɗinsa, ya jefa mu a bayan a-kori-kurarsa zuwa asibiti. Likitoci sun ceci ƙafar, amma sun ce ɗingishi ya zauna ke nan. Na gode wa Allah da bakin da ya ba ni. Na ɗauka mun tsallake.

Ashe da sauran aiki. Da na dawo da shi gidana, sai ya juya fuska bango. Ba ya shan magani sai na yi masa tsawa, littattafansa ko kallo. Ɗan sandan da ya zo bincike ya yi mana bayanin giris ɗin tiryan-tiryan, Habibu ya saurara ya ce masa “thank you”, yana fita ya ce da ni, “Yaya, me wannan ya sani a harkar maharba? Bindiga ba ta tashi haka kawai. Baba ne ya ƙi karɓa.” Na ji tsoron wannan magana fiye da yadda na ji tsoron harsashi. Ina kallon ƙanena yana narkewa a kan kujerata, da hannunsa yake haƙa wa kansa rami.

Raina ya ɓaci, har da kai, ka yafe ni. Na koma gonar, inda bindigar take a kulle bayan an gama bincike, na ce wa tsohon ya ciro min ƙarfen nan mai kama da sakata. Ya ciro ya girgiza min shi a kunne, shiru kamar dutse. Ya ce mai lafiya ƙara yake yi, in je in dafa shi in gani.

A tukunyar da nake tuwo na dafa shi. Ni Rabi, da ko taɓa jakar farautarka ban taɓa yi ba. Ruwan na tafasa sai ga giris yana ɓulɓulowa daga ramukan da ban ma san akwai su ba, ya taso ya rufe saman ruwan, gidan duk ya ɗauki wari. Na zubar na sake, na zubar na sake. Na tsamo shi da cokali mai yatsu, na jiƙa a kananzir, na goge da tsohon buroshin haƙori. Abin da ya fi ba ni mamaki, aikin bai kai daɗewar dahuwar wake ba. Wannan ɗan aikin ne tsakanin ɗanka da ƙafarsa.

Na ɗauki tukunyar da ƙarfen na dire a gabansa. Na ce ya leƙa. Ya leƙa. Na kai ƙarfen kunnensa na girgiza, tsinken ya yi ƙyas-ƙyas a ciki. Na ce, “Ga fushin Baban nan a tukunya, Habibu. Giris ne. Ubanmu bai taɓa harbin dabba mai ciki ba, kai zai harba?”

Ya karɓa ya girgiza da kansa, ya sake girgizawa, ya daɗe yana yi. Sai ya kifa kansa a cinyata ya fashe da kuka, irin kukan da ya kamata ya yi tun ranar da aka bugo waya. Yana yi yana kiran sunanka. Na bar shi ya yi har ya gaji, sannan ya ɗago ya ce yunwa yake ji.

Na faɗa masa ba ka fushi da shi, Baba, kuma ban tambaye ka ba kafin in faɗa. Na yi maka shaida ne da abin da na sani na halinka. Kada ka ba ni kunya ranar da za mu haɗu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya ba Habibu lafiya da tsawon rai, Ya jinkirta haɗuwarku har sai ya yi furfura. Amin.

Taka har kullum,
Uwarka, Rabi.