Kwalbatinmu, allonsu

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinka, ya iyali? Mu nan lafiya, sai dai Baba.

Kwalbatin nan na hanyar Dutsin-Ma da ruwa ya cinye bara, mun yi ta sintiri sakatariya a kanshi, kullum a ce shugaba bai shigo ba. Da muka gaji, muka yi gayya muka gyara. Wajen ɗaukar dutse ƙugun Baba ya goce, har yau a zaune yake sallah.

Jiya ma'aikata suka zo suka kafa allo, wai aikin ƙaramar hukuma ne. Da na gaya mashi, ya ce, "Ko sannu sun aiko?" Ba su aiko ba, Yaya.

A sa shi addu'a. Gaida kowa.

Ƙaninka,
Tasi'u