Abin da Rariya Ta Hana Baba

Zuwa ga babbar Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanku. Mu nan sai godiya. Autarmu ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har tana fita, yoyon ɗakin tsakiya kuma na toshe shi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. A waya da na buɗe baki Inna take karɓewa ta ce miki kowa lafiya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Maganar Baba ce. Wata huɗu ke nan da aka sallame shi daga asibiti. Ƙirjin ya warke, amma allurai da ƙwayoyin da ya sha sun bar shi da ciwon ciki. Sai ya yi kwana huɗu bai zaga ba, in kuma ya ɓalle sai ya wuni yana hanyar bayi. Da fensirinsa na kafinta nake ja masa layi a bayan ƙofa duk ranar da ya samu fita. Bel ɗinsa sau biyu na ƙara masa huda da ƙusa. Daga injin niƙa nake wucewa gida, daga gida in koma injin, har na manta rabon da in zauna da abokai. Ba ƙorafi nake yi ba, Yaya, na dai gaji.

Kwalin da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri: gwangwanin garin nan na gyaran hanji, da kwalabe biyu na maganin ganye. Kin rubuta a fara da kaɗan. Baba ya ce shi a sana'arsa in gam ya yi yawa ya fi kamawa, ya kamfaci cokali uku na garin ya afa, ya bi da kurɓin ruwa guda. Kafin la'asar cikinsa ya kumbura kamar ganga. Inna ta kulle kayan a kabad. Washegari Kawu ya zo da nasa ƙullin saiwoyi, ya ce na ƙasashen waje ba su san cikinmu ba. Ni dai na tattara duka a jaka, na ɗauki Baba da Inna muka koma asibiti.

Likitar wata matashiya ce, Baba yana ce mata Mai Tabarau. Ta jera kayan a tebur ta karanta ɗaya bayan ɗaya. Kwalba ɗaya ta ce mai sa gudawa ce, a daina. Ɗayar ta ce a dakata sai ta duba ko ba ta faɗa da maganin hawan jininsa. Ƙullin Kawu ta ce ba za ta yarda da abin da ba ta san cikinsa ba. Garin kuwa ta ce yana da kyau, amma rabin ƙaramin cokali da kofin ruwa cike, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ta yi mana bayani cewa a hanjin mutum akwai wasu ƙananan halittu masu taimaka masa, magani mai ƙarfi ya share da yawa tare da miyagun, waɗanda suka rage kuma yunwa suke ji. Abincinsu, in ji ta, shi ne ɓangaren da cikinmu ba ya narkarwa, irin su dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, har da albasa da tafarnuwa.

Sai ta tambayi abin da yake ci. Nan Inna ta gyara zama, ta fara lissafi da alfahari. Ta ce wake sai ta surfe shi fes, ganye sai ta dafa ta tace ta ba shi ruwan, albasa ba ta sa masa don kada ta tayar masa da ciki. Ta nuna ni ta ce ga ɗanta nan, garin Babansa sau biyu yake niƙawa, ya tankaɗe sau biyu da rariya mafi laushi. Gaskiya ta faɗa. Tun ranar da aka sallame shi nake ware nasa, in matse duwatsun injin har sai garin ya zama kamar hoda. Likitar ta tambaya ina muke kai abin da rariyar ta riƙe. Na ce kaji muke zuba wa. Ina faɗa na tuna kajin gidanmu, Yaya. Tunda nake ban taɓa ganinsu da ƙiba da sheƙi irin na bana ba. Wata huɗu ina kallonsu suna cika Baba yana zubewa, ban haɗa biyun ba.

Likitar ta ba mu mako uku. Ta ce in ta ɗora shi a sikeli ya sake raguwa, dole ya koma gado a yi bincike. A hanyar gida Baba ya riƙe hannuna ya ce mini a hankali kada in bari a mayar da shi gadon nan, in ya kwanta ba ya jin zai tashi.

Na koma niƙa sau ɗaya, ba tankaɗe. Inna ta ce shekara arba'in ba ta taɓa ajiye wa mijinta abincin dabbobi ba, ba kuma za ta fara yana kwance ba. Na kama ta tana tankaɗewa a ɓoye, sai na ɗauke rariyar na rataye ta a bayan injin. Bayan kwana biyu na dawo da rana na tarar ta shimfiɗa sabon ɗankwalinta a bakin roba tana tace garin da shi. Baba ne ya taso da dafa bango, ya karɓi ɗankwalin, ya juye dusar cikin garin ya cakuɗa da hannunsa. Ya ce shekara arba'in yana shaƙar garin katako a shago bai mutu ba, ashe yanzu a kwano za a zuba masa, to a zuba. Ya ce da ni Farin Gira, kamar yadda ya saba saboda garin da ke maƙale mini a fuska, in je in shaida wa kajin cewa an rufe musu kanti.

Yau kwana goma sha biyu. Cikin yana ƙugi, Baba kuma yana mitar iska, amma layi uku ne a jere a bayan ƙofa, na yau da kansa ya karɓi fensirin ya ja. Saura kwana tara mu hau sikeli, ban san me zai nuna ba.

Wadda nake jiye wa tsoro yanzu Inna ce. Tun ranar ba ta ƙara gardama ba, amma ba ta cin abincin kirki. Autarmu ta ji ta tana gaya wa Gwaggo wai da hannunta ta kusa kashe shi. Don haka kada ki sake aiko da kwalba, garin da ke nan ya isa. Ki kira ta, kin san maganarki take ji. Kada ki yi mata bayanin hanji, ta ji ya ishe ta. Ki ce mata ƙauna ce ta sa, kuma ba ita kaɗai ba ce, ni ne mai injin.

Ki gaishe mini da maigidanki da takwarar Inna da 'yan biyu. Baba da Gwaggo da Autarmu suna gaishe ku, Kawu ma haka, ko da yake har yanzu yana fushi kan ƙullinsa. Kajin sun fara ramewa, kullum da safe suna bina har bakin ƙofa suna kuka. Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Ƙaninki mai jiran kiranki,
Farin Gira