Irin Furen da Ka Bari a Firij

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, na rubuto ne in ba ka labarin furen nan naka, kolumbin ɗin Siberiya, tunda kai ka jawo mini aikin ka tafi.

Ka tuna ranar da ka shigo ɗakinmu na unguwar Sulay a nan Riyad da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe? Matar kafilinka, ubangidan da ya ɗauke ka aiki, ita ce ta ba ka, can gidansu na garin Dir'iyya da kake kula da lambu, bayan ita ta gwada ta gaza. Ka naɗe su a tsumma mai danshi ka jefa firij, wai irin ba ya tsira sai ya sha sanyi na makonni. Na ce maka mai shuka furen ƙanƙara a Riyad neman magana yake. Saura ƙiris Malam Isa, abokin ɗakinmu, ya zuba su a zuma, wai habbatus sauda ce. Alhali guba ce.

Ka shuka a tsohon bokitin fenti mai zurfi, ka huda gindinsa, don saiwar doguwa ce kuma ba ta son kwancin ruwa. Ka ce shekarar farko ganye kawai, fure sai ta biyu. Kai kuma ba ka kai ta biyun ba. Zuciya ta buga kana wurin aiki, muka yi maka salla, muka binne ka a nan. Inna na Funtuwa, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba.

Ni direba ne, Yaya, ban san komai a shuka ba, amma na rantse sai ya yi fure. Da zafi ya shigo na dawo da shi ɗaki, kusa da taga, inda sanyin esi ke kaiwa. Ruwan famfo gishiri ne, don haka ruwan shana muke rabawa. Duk da haka ganyen ya bushe ƙurmus. Malam Isa ya ce in zubar, bokitin ya yi wanki. Ranar na yi kuka. Sai na tuna kana cewa ba a yi wa shuka ta'aziyya sai an duba saiwa. Na tona kaɗan, na same ta da rai.

Da hunturu na fitar da shi, hantsi kawai yake sha, in mayar da shi inuwa. Ya sake toho.

Makon jiya ya buɗe. Shuɗi ne mai ratsin fari a baki, kansa a sunkuye, bayansa da 'yan ƙugiyoyi kamar farcen shaho. Gaskiya bayan wannan wahala na zaci zai kai faranti, ashe ɗan mitsitsi ne. Amma yana da kyau, kuma na yi kewarka ƙwarai.

Na tura wa Inna hoto. Ta tambaya ko ana miya da shi, na ce a'a. Ta tambaya maganin me yake yi, na ce babu. Sai ta ce in taho mata da irin. Na yi mata bayanin zafin Funtuwa, da wutar da ba ta zama balle firij ya yi sanyi. Ta ce gindin randarta akwai sanyi, kuma ko bai tsira ba, abin da hannunka ya taɓa ne, tana son ta ga inda aka rufe shi.

Ban sake yi mata musu ba. Ina jiran kwanson irin ya bushe.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba Inna haƙuri.

Ƙaninka,
Bashir