Amanar da Na Mayar

Laraba da dare, Illela

Yau kam na ga ta kaina. Shekaranjiya Rabi likita, ɗiyar ƙanwata mai aikin asibiti a Sakkwato, ta ba ni wata ƙwaya mai na'ura a ciki na haɗiye. Wai suna auna zafin cikin jikin masu lafiya, ƙwayar ce ke aika saƙo zuwa ɗan akwatin da ta ɗaura mini a ƙugu. Ni kuwa tun ina yaro aka koya mini kayan aro amana ne, sai an mayar. Shi ya sa da asuba na ɗauki rariyar maiɗakina Hajiya a ɓoye, na shiga ban ɗaki. Abin da ya biyo baya ba zai rubutu ba. Na dai samo ƙwayar, na wanke, na shafa mata turare, na ƙulle a ƙyalle.

Da la'asar Rabi ta zo, ta ce zafin jikina daidai yake, yakan ɗan sauka in na yi barci. Sai na miƙa mata ƙullin a gaban Hajiya. Tana kwancewa ta ja da baya.

"Kawu, ai ba a maido ta, tafiyarta take yi. Da mi ma ka tace?"

Ni ban iya ƙarya ba, na faɗi.

Hajiya ta ce, "Malam, rariyar da na tankaɗe garin tuwon rana da ita?"

Na ce ai ita ma amana ce, na wanke na mayar.

Ba a ɗora tukunya ba daren nan. Hajiya ta ce tunda likita ta tabbatar lafiyata ƙalau, yunwa ba ta kashe ni.