Ruwan da Falmata ta nema

Daren Alhamis, cikin watan Rajab, Gwange.

'Yata Falmata ta rasu a asibiti ranar Litinin da asuba, sakamakon raunin da ta samu a fashewar bam a kasuwa. Dokar hana fita ta tsare ni a gida. Ko da na isa, an riga an lulluɓe ta.

Na tambayi nas ɗin da ta kwana a kanta, "Ta kira ni kuwa?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta kira kowa ba. Ruwa ta nema, na ɗiga mata da auduga, na juya ta ta fuskanci alƙibla."

A lokacin na so a ce ƙaryar ta yi mini. Yanzu kuwa da na lumshe ido sai in ga ɗigon yana sauka a leɓen Falmata, kamar yayyafin farko a kan kogin Ngadda. Na gaskata shi, domin wadda ta faɗa ba ta yaudare ni ba.

Ɗazu mahaifiyarta ta yi mini wannan tambayar. Ban ba ta amsa ba tukuna, kuma ban koma na gode wa nas ɗin ba.